Ƙaramar Ambulan ta Imke

Shekara ashirin da tara na yi ina raba wasiƙu a kan keke a ƙauyenmu na arewacin Jamus da gonakin da ke bayan ganuwar teku, kuma a duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya tak na taɓa gani yana murna don an ƙi 'yarsa. Onno Tjaden sunansa. Yana nan da ransa da lafiyarsa, da shanunsa saba'in, kuma ranar Lahadi a layin gaba yake zama a coci. Kowa na gaishe shi. Ni ma ina gaishe shi, don ba ni da bakin da zan ce na fi shi tsarki, kamar yadda za ku ji.

Duk mai raba wasiƙa a zamaninmu ya san abu ɗaya. Idan yaro ya gama makaranta yana neman wurin koyon sana'a, yakan haɗa takardunsa da hotonsa ya aika. In ba sa son sa, sai su dawo masa da kayansa gaba ɗaya a babbar ambulan. In suna so, sai su riƙe takardun, su aiko da 'yar ƙaramar ambulan mai falle ɗaya, a ce masa ya zo ranar kaza a gan shi. Ba sai na buɗe ba. Tun a gidan waya, da nauyin abin a hannuna nake sanin gidan da za a yi kuka.

Imke ita kaɗai ce 'yar Onno da matarsa Gesine. Kafinta take so ta zama, ba wani abu ba. Akwatin wasiƙun da ke ƙofar gidansu ma ita ta ƙera shi da katako tana 'yar shekara goma sha shida, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, kuma duk ruwan saman ƙasar nan da ba ya gajiya bai taɓa jiƙa mini takarda a ciki ba. Da ta gama makaranta kullum a gefen akwatin nan nake samun ta, da takalman roba da ƙanshin garke, tana leƙen jakata tun daga nesa.

"Anti Hilke, akwai wani abu nawa?"

Akwai mana. Babba. Kullum babba.

Ita ta karɓa fuska a murtuke, shi kuwa uban sai ya fito daga garke yana goge hannu, ya amshi ambulan ɗin yana gyaɗa kai kamar an kawo masa kuɗin madara. Da farko na ɗauka ƙarfin hali ne yake yi mata. Sai wata rana Gesine ta ja ni ciki shan shayi, aka jefa mini dunƙulen sukari aka tsiyaya kirim a kai, ina zaune na ga abin da idona. Onno ya buɗe wasiƙar, ko karanta ta bai yi ba, ya ɗauko abin huda takarda, ya huda ta ɓarat, ya rubuta kwanan wata da fensir a gefe, ya jera ta a wani shuɗin fayil mai kauri. Ya shafa bayan fayil ɗin, ya ce ta goma sha ɗaya ke nan, wannan shekarar an gama da ofis.

Abin da yake nufi shi ne kuɗin yara. Gwamnati na biyan iyaye wani abu duk wata a kan kowane ɗa har ya kai goma sha takwas. Daga nan sai a tsaya, sai fa in yaron yana karatu, ko yana koyon sana'a, ko kuma yana neman wurin koyo bai samu ba. Wannan na ƙarshen ana iya jan sa har shekara ashirin da biyar, muddin kana nuna wa ofis shaidar cewa ana neman da gaske. Shaidar kuwa ita ce wasiƙun da aka aika da amsoshin da suka dawo. Onno ya zauna ya yi tunaninsa tsaf. In Imke ta samu wuri, cikin gari za ta koma, ta kama ɗaki, kuɗin nan ya bi ta, shi kuma ya ɗauki mai tatsa da albashi. In kuwa tana nema ba ta samu ba, kuɗin na shiga aljihunsa, kuma ƙarfe biyar na asuba akwai mai tatsar shanu saba'in kyauta. To me zai yi da ƙaramar ambulan?

Shi ne yake zaɓar wuraren da za a rubuta wa. Shi yake buga wasiƙar, ita nata sa hannu kawai. Ina ganin adireshin, tunda ta hannuna suke fita: banki, ofishin lauya, kantin magani, kamfanin inshora, duk wuraren da ko kallon takardar makarantar Imke ba za su yi ba. Kafinta ko ɗaya babu. Da ta yi magana, sai ya ce ita ba ta san duniya ba, aikin katako ƙura ce da yanke yatsu, shi babban wuri yake nema mata don ba ya son 'yarsa ta wulaƙanta. Kun ji uba mai tausayi. Mutumin da ya bar ta tana kwasar kashin shanu cikin sanyin da ke fasa hannu, shi ne yake jin tsoron kada ƙurar katako ta taɓa ta.

Gesine kuwa nata uzurin bayanta ne. Tun da Imke ta gama makaranta bayan nata ya fara ciwo, kuma bai taɓa hana ta zuwa ƙungiyar mawaƙan coci ba, garke kawai yake hana ta shiga. In na ɗan taɓo zancen, sai ta ce ai yarinyar tana da ɗakinta, tana cin abinci sau uku, wasu 'ya'yan ma ba su samu haka ba, kuma Onno ya fi su sanin harkar takardu. Ta ƙara mini shayi. A wajenmu kofi uku ake sha, in ka gama ka sa cokali a ciki ka yi godiya ka tashi. Haka nake yi.

Shekara ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Duk watan Agusta, lokacin da sababbin masu koyo ke fara aiki, sai ka ga 'yan ajinsu Imke a tashar bas da kayan aiki sabbi fil, wannan makanike, waccan mai gashin burodi, ita kuma ta wuce su a kan tarakta kanta a ƙasa. Ta fara yarda cewa ita ce ba ta da amfani. Wa zai ga laifinta? Mutum arba'in sun rubuto da hatiminsu sun ce ba sa so. Hannayenta suka tsattsage, ta daina zuwa rawar ƙauye, ta daina jira a ƙofa. Sai dai in jefa babbar ambulan a akwatin da ta ƙera, in ji ta faɗi tim, in wuce.

Tana da shekara ashirin da ɗaya, wata safiyar Maris, ta tare ni a kan hanya, nesa da gida, bayan itatuwan da ke kare iska. Ta zaro ambulan daga cikin rigarta, har ta yi ɗumi, ta miƙo mini in aika mata. Ta ce ita ta rubuta da kanta, zuwa ga Saathoff, wani tsohon kafinta a cikin gari mai yin tagogi da matakala. Ta sa hoton akwatin wasiƙun, da na wata kujerar tatsa da ta ƙera, da na ƙofar garken da ta gyara. Kan sarkin ma da kuɗin ƙwai ta saya.

"Kada Baba ya ji, Anti."

Na ce ba zai ji daga bakina ba. Wannan alkawarin kam na cika shi.

Bayan kwana tara, ina ware wasiƙu a gidan waya, sai ga ta. Ƙarama, fara, marar nauyi, da hatimin Saathoff a kusurwa. Allah ya sani na yi farin ciki kamar 'yar cikina ce. Na taka keken nan iska na tura ni baya ina turawa gaba, har na tsallake gidaje biyu don in fara isa can. Da na iso babu Imke, tana can cikin garke da likitan dabbobi, wata saniya na haihuwa. Onno ne a ƙofa. Ya miƙo hannu kamar kullum, na ba shi jarida da takardar wuta, na riƙe ƙaramar. Ya dube ta, ya dube ni, hannunsa bai sauka ba.

"Ta gidan nan ce, Hilke."

Ta gidan ce kuwa. Ƙa'ida ta ce a miƙa wa baligin gida ko a jefa a akwati, kuma makullin akwatin yana aljihunsa. Na ba shi. Ya karanta hatimin, ya soka ta a aljihun ƙirji ya ɓalle maɓallin. Na hau kekena ina gaya wa kaina ai uba ne, da tsakar rana zai ba ta.

Washegari Imke tana ƙofa, kamar shekarun farko, har da ɗan murmushi.

"Anti Hilke, akwai wani abu nawa?"

Nan take na gane bai ba ta ba. Magana ɗaya ce kawai, in ce mata jiya na kawo, tambayi babanki. Amma ni na yi rantsuwa ranar da aka ɗauke ni aiki cewa ba zan yi zancen wasiƙar kowa da kowa ba, kuma a ƙauyenmu mutum ba ya sa baki a gidan wani. Ubana da uban Onno benci ɗaya suke zama a coci. Ga shi kuma yana tsaye a bakin garke da cebur a hannu yana kallonmu. Duk waɗannan na jera wa kaina cikin ƙiftawar ido, tsaf-tsaf kamar yadda Onno ke jera takardu. Rantsuwar ma ba ta hana ni gaya wa mai wasiƙa cewa wasiƙarta ta zo ba, na san wannan sarai. Tsoro ne kawai da rashin son rigima.

Na ce, "Yau babu."

Ban yi ƙarya ba, ko ba haka ba? Ranar babu. Washegari ma babu. Kwana goma sha huɗu yarinyar nan tana tsayawa cikin ruwa da iska tana tambayata, kwana goma sha huɗu ina ba ta amsa ɗaya, ina komawa gida in ci abincina. A na goma sha biyar sai ga babbar ambulan da hatimin Saathoff. Da hannuna na miƙa mata. Ta buɗe a gabana, hotunan akwatin da kujerar suka zubo cikin laka. Layi biyu ne: ya gode, amma ba zai iya ɗaukarta ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tsince hotunan ta goge su a jikin wandonta, ta ce to, ashe har katakon ma ba ta iya ba. Onno ya taho ya dafa kafaɗarta, ya ce ka ji abin da yake gudu ke nan, shi ya sa yake cewa a bar masa harkar, amma ba komai, kawo takardar, ita ma za ta yi amfani. Na ji ƙarar abin hudawa daga taga kafin in hau keke.

Daga nan Imke ba ta sake taɓa zarto ba. Kayan aikin da kakanta ya bar mata suka yi tsatsa a rumfa. Ta yi shiru irin wanda ba na fushi ba ne, ta rame, tana tafiya a ɗan duƙe kamar tsohuwa. In Onno ya ajiye takarda a teburi sai ta sa hannu ba tare da ta duba ina za ta ba. Wata rana na ga ya rubuta wa wata makarantar koyon tuƙin jirgin sama, wallahi, yarinyar da jirgin ƙasa ma sau biyu ta taɓa shiga. A shagon burodi kuwa yana ba da labari da murya mai ban tausayi, wai yaran yanzu sun shiga uku, 'yarsa wuri tamanin ta nema babu wanda ya duba ta, yana da shaida a rubuce. Mata suna girgiza kai suna cewa Allah ya saka masa, uba ne mai haƙuri.

Wata uku kafin ta cika ashirin da biyar, manyan motoci suka shigo gonar. Onno ya sayi injin tatsa irin wanda saniya ke shiga da kanta ya tatse ta ba hannun mutum. Ya daidaita lokacin daidai wa daida, ba a banza ya iya lissafi ba. Watan da ofis ya aiko da takardar cewa kuɗin yara ya ƙare, a satin nan ya zaunar da ita. Gesine ce ta ba ni labari da bakinta, tana ganin kamar hikima mijinta ya yi. Ya ce mata mace mai shekara ashirin da biyar ba ta zama a teburin ubanta tana jiran a zuba mata, mutane sun fara magana, lokaci ya yi da za ta tsaya da ƙafarta. Har da karamci ya yi mata: ya ba ta aron shuɗin fayil ɗin, ta je da shi ofishin neman aiki don su ga ba zaman banza ta yi ba.

A tashar bas na same ta ranar, fayil ɗin a buɗe a kan cinyarta. Bas ɗin ƙarfe tara ya zo ya wuce ba ta shiga ba. Na tsaya don in gaishe ta, sai na ga abin da ke hannunta.

Kun san mutanenmu da takarda. Bajamushe irin Onno zai iya cutar 'yarsa shekara bakwai ya yi barci lafiya, amma ya jefa wasiƙa mai hatimi a kwandon shara, wannan kam ba zai iya ba. Ƙaramar wasiƙar Saathoff tana nan a can ƙarshen fayil ɗin, bayan wasiƙun ƙi casa'in da huɗu, an huda ta tsaf, har da 'yar ambulan ɗinta. Saathoff ya rubuta cewa a shekara arba'in bai ga mai neman koyo ya aiko da haɗin katako irin na akwatin nan ba, ta zo ranar Litinin da kayan aiki, in sun daidaita ta fara a Agusta. A gefe kuma, da fensir, da rubutun Onno mai kyau: kwanan wata, sannan "Na buga waya. Na ce ta fasa. Zai aiko da takardar ƙi saboda ofis."

Ta ɗago kai ta dube ni. Muryarta ba ta tashi ba.

"Anti Hilke, ke kika kawo ta?"

"Ni ce."

"Kin san ƙarama ce."

"Na sani."

"Sati biyu ina tambayarki."

Na buɗe baki zan fara zancen rantsuwa da ƙa'ida, sai na ji muryar Gesine ce za ta fito daga bakina, na fasa. Ta rufe fayil ɗin, ta ce ba komai, ta tuna abin da nake ce mata: yau babu. Bas ɗin ƙarfe goma ya zo, ta shiga, ba ta waiwayo ba. Kunyar da na ji a tashar nan har yau ba ta sake ni ba.

Ta je wurin Saathoff, na ji daga baya. Ashe ya rasu shekara biyu kafin nan, shagon ya koma wurin sayar da tayoyi. Ta zagaya wasu kafintocin, kowa tambayarsa ɗaya: daga goma sha takwas zuwa ashirin da biyar me kika yi? Ta ce tatsa. Suka ce ina takardar? Babu. Mutumin da yake da takardar kowace saniya tun daga kakarta bai taɓa rubuta 'yarsa a matsayin ma'aikaciya ba, don da ya yi haka da ofis ya yi tambaya. A rubuce dai Imke shekara bakwai ta yi tana nema ana ƙin ta, shi ke nan tarihinta. Suka ɗauki yara 'yan goma sha shida. Yanzu tana wata masana'antar kifi a bakin teku, tana jera gwangwani a kwali, a kan albashin wanda bai koyi komai ba. A ƙasar nan in ba ka da takardar sana'a, haka za ka tsufa.

Babu wanda ya kai Onno ƙara. Ba a taɓa fasa gaishe shi ba. Mutanen gari da suka ji ƙishin-ƙishin suka ce harkar gida ce, wasu ma suka ce ai kuɗin gwamnati ne, in bai karɓa ba wani zai karɓa. Gesine ta ce ita ba ta san komai ba, kuma yarinyar ta cika riƙo, ko katin Kirsimeti ba ta aikowa. Bayanta ya warke, af, tun da aka kawo injin.

Shi kuwa abu ɗaya ne ya dame shi. Sati guda da tafiyarta ya tare ni a ƙofa, ransa a ɓace, ya ce in na san inda Imke take in gaya mata ta dawo masa da fayil ɗinsa, aro ya ba ta, takardun ofis ne, dole a ajiye su ko za a nema. Bai tambayi inda take kwana ba. Na ce masa ni aikina kai wasiƙa ne, ba saƙon baki ba, in yana da magana ya sayi kan sarki.

Shekara huɗu na ƙara kafin in yi ritaya. Kusan kullum yana nan a ƙofa, ya jingina da akwatin da ta ƙera, yana leƙen jakata tun daga nesa ko akwai babbar ambulan mai kaurin fayil. In na iso ya ce, "Hilke, akwai wani abu daga yarinyar nan?"

Ni kuma in miƙa masa jaridarsa, in ce, "Yau babu," in taka kekena.